Martani: Ƙure Sauti Ba Shi Ne Maganin Saƙon Da Kunne Bai Kama Ba

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi a wannan fili game da masu kukan cewa muryar da ke karanta musu saƙon tes a cikin iyafis mara igiya ko dai ta yi ƙasa har ba sa kama abin da take faɗa, ko kuma ta faɗo musu da ƙarfi har su zabura. A ganinsa wannan kuka shagwaɓa ce. Ya ce waya maɓalli biyu gare ta, na sama da na ƙasa, wanda bai ji ba ya ƙure, wanda abin ya dama kuma ya kashe ya karanta da idonsa kamar kowa. Ya ƙara da cewa gargaɗin da waya ke fitarwa idan sauti ya yi yawa tsoron Turawa ne, mu nan kunnenmu ya riga ya saba da janareto da hayaniyar kasuwa, don haka a share shi, in ma sautin bai isa ba a sauke manhajar da ke ƙara masa ƙarfi. Hujjar da ya rufe da ita ita ce saƙo ɗan daƙiƙu ne, ba abin da zai yi wa kunne.

Malam, da ra'ayinka kawai ka faɗa da na yi shiru, domin kowa da nasa. Amma shawara ka bayar, kuma matasa za su ɗauka su yi aiki da ita a kan wata gaɓa ta jiki da idan ta lalace ba a sayen madadinta a kasuwa. Shi ya sa na ga ya zama dole in amsa, kuma ina fata za ka karɓa da zuciya ɗaya, tunda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara da inda ka yi gaskiya. Saƙo ɗaya na daƙiƙa biyar ko goma, ko da ya zo da ƙarfi, ba shi zai kurmantar da mutum ba. Lahanin sauti ga kunne haɗuwar abu biyu ne, ƙarfinsa da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka ana jinsa. To amma a daidai nan shawararka ta karye. Mutumin da ka ce ya ƙure sauti don kada saƙo ya wuce shi bai san lokacin da saƙon zai shigo ba, dole ya bar shi a ƙure tun safe. Saƙon zai zo ya wuce cikin ƙiftawar ido, amma waƙar ko wa'azin ko shirin rediyon da yake saurare za su ci gaba da zuba a kunnensa a wannan mataki har rana ta take. Abin da ke gaban saƙon da abin da ke bayansa su nake jiye wa kunne.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu da ke zaune kusa da juna tana kai wajen desibel 60. Cunkoson motoci, ga wanda ke cikin mota, yakan kai 80 zuwa 85. Ƙugin babur yakan kai wajen 95. Na'urorin da ake sawa a kunne kuwa, idan aka ƙure su, da yawansu suna kai 100 har su haura. Wanda bai san ma'aunin ba zai ce ai tsakanin 80 da 100 ba wani nisa. Gaskiyar magana ita ce ƙarin desibel 3 kacal na nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka biyu, lokacin da kunne zai iya jurewa kuma ya ragu da rabi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Ƙasa da Ƙasa suka fitar da mizanin sauraro mara cutarwa: babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Idan aka kai 90, awa 4 kawai mutum ke da su a mako duka. A 95, awa ɗaya da kwata. A 100, wajen minti 20. Abin kamar kuɗin cefanen mako ne: mai tattali ya kai Juma'a da shi, wanda ya ƙure sauti kuwa ya cinye nasa kaf tun kafin ya isa wurin aiki ranar Litinin, sauran kwanakin bashi yake ci, kuma kunne ne zai biya.

Sai maganarka ta cewa kunnenmu ya saba. Wannan ita ta fi tayar min da hankali, domin mutane da yawa sun yarda da ita. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da motsin sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Sauti mai ƙarfi yana gajiyar da su, idan abin ya yi ta maimaituwa sai su mutu, kuma a jikin ɗan'adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Mai injin markaɗe da ya ce maka yanzu ƙarar injin ba ta damunsa ba ƙarfi kunnensa ya ƙara ba, jinsa ne ya fara raguwa. Shi ya sa za ka ga sai ka ɗaga murya kafin ya gane kwano nawa ka ce. Lahanin yakan fara ne da siraran sautuka, don haka mutum yana jin ana magana amma kalmomin suna kuɓuce masa, musamman a taron suna ko a majalisa inda kowa ke magana lokaci guda. Yakan ɗauka mutane ne ke magana ƙasa-ƙasa, sai bayan shekaru ya gane matsalar daga wajensa take.

Saboda haka hayaniyar da muke rayuwa a cikinta hujja ce a kan maganarka. Ɗan acaɓa da mai walda da mai shago da janareton maƙwabci ke kunne a bayansa sun riga sun kashe kaso mai yawa na abin da kunnensu zai iya ɗauka tun kafin su sa iyafis. Su ne suka fi kowa buƙatar wannan gargaɗi da ka ce a share. Gaskiya ne cewa daga Turai dokar taƙaita sauti ta taso. Faransa ta kafa iyakar desibel 100 ga na'urorin sauraro tun 1996, har ta kai a 2002 kamfanin Apple ya janye iPod daga kasuwar ƙasar na ɗan lokaci don ya gyara shi ya dace da dokar. Daga 2013 kuma na'urorin da ake sayarwa a Tarayyar Turai suna zuwa a tsaye a kan desibel 85, sai mai su ya amince da gargaɗi kafin ya wuce nan. Amma inda doka ta fito daban, inda cutar ta fi yawa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ne. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa jinsu saboda yadda suke sauraro. Rahotonta na 2021 ya nuna cewa a kashi 78 cikin ɗari na ƙasashe matalauta, likitan kunne da hanci da maƙogwaro bai kai ɗaya ga mutum miliyan guda ba. Baturen da ka ce matsoraci ne yana da asibitin da zai je da na'urar taimakon ji da zai sa. Mu da ba mu da su a wadace mu ya fi kamata mu riƙe rigakafi da hannu biyu.

Yanzu mu zo kan maɓalli biyun nan. Eh, maɓalli biyu ne a gefen waya, amma sautukan da suke juyawa sun fi biyu, kuma rashin sanin haka shi ne tushen kukan da ka kira shagwaɓa. Waya tana ajiye matakin waƙa da bidiyo daban, na kira daban, na ƙararrawar shigowar kira daban, na agogon tashi daban. Maɓallin yana juya wanda ke aiki ne a daidai lokacin da ka danna. Ɗauki tela a shagonsa ana saura kwana kaɗan Sallah, ƙafa a kan keke, hannu biyu a kan shadda, yana sauraron karatu a hankali a iyafis ɗinsa. Saƙon mai ɗinki ya shigo, muryar ta faɗo masa da ƙarfi har ɗinkin ya karkace. Kafin ya saki yadin ya laluɓo wayar a aljihu, muryar ta gama ta yi shiru. Ya danna maɓallin ƙasa, sai karatun ya ragu, amma muryar saƙon tana nan inda take. Saƙo na gaba ya sake zabura shi. Wannan bawan Allah ba rashin iya waya ke damunsa ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa sautuka biyu ne mabambanta.

A wayar iPhone, wannan tsari na karanta saƙo a kunne ya fara ne a 2019, a 2021 kuma aka faɗaɗa shi ya haɗa da sanarwar wasu manhajoji. Yana aiki da AirPods daga zubi na biyu zuwa sama da wasu nau'o'in Beats. Muryar Siri, mataimakiyar da ke cikin wayar, ce ke karatun, kuma matakinta ba ɗaya ba ne da na waƙa. Hanyar daidaita ta ita ce ka sa iyafis ɗin a kunne, ka sa Siri ta yi magana mai ɗan tsawo, sannan ka danna maɓallin sama ko na ƙasa tana cikin maganar. Ba sai ka jira saƙo ya shigo ka yi ta rige-rige da shi ba. Za ka iya kuma umartar ta da baki ta ɗaga murya ko ta sassauta. Da haka tela zai bar karatunsa a hankali, ya sa muryar saƙon a inda yake ji ba tare da ta razana shi ba. A cikin saitin sauti kuma, tun 2020, akwai wurin da mutum zai kafa wa iyafis iyaka tsakanin desibel 75 da 100, ta yadda duk abin da ya zo da ƙarfi wayar za ta danne shi kafin ya isa kunne.

A wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun mafi yawanmu, Tecno da Infinix da itel da Samsung, abin ya ɗan bambanta. Sau da yawa muryar karatun tana bin layin waƙa da bidiyo ne, sai wayar ta sassauta waƙar na ɗan lokaci har a gama karanta saƙon. A nan akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya sani. Na farko, tun Android 6.0 na 2015 waya da iyafis suna iya haɗa matakin sautinsu ya zama ɗaya, amma ba kowane iyafis ke jituwa da kowace waya ba. Wani lokaci na wayar yana sama na iyafis yana ƙasa, sai mutum ya ga ya ƙure amma bai ji ba. Maganin wannan shi ne a ɗaga na jikin iyafis ɗin in yana da wurin yin haka, ko a raba su a sake haɗa Bluetooth daga farko. Na biyu, a saitin muryar karatu akwai wurin rage saurin magana. Da yawan saƙonnin da ke kuɓuce wa mutane sauri ne ya yi musu yawa, idan aka sassauta shi sai a ji tar ba tare da an taɓa ƙarfin sauti ba. Wayoyin Samsung suna da wurin kafa iyakar sautin waƙa, manhajar Galaxy Wearable kuma tana ba mai iyafis ɗin Samsung damar zaɓar manhajojin da za a riƙa karanta masa saƙonsu, ya bar sauran.

Manhajar ƙara ƙarfi da ka yaba kuwa, aikinta shi ne ta tura sautin ya wuce inda aka tsara masa. Ɗan lasifikan da ke cikin iyafis ƙarami ne ƙwarai, idan aka matsa masa sai sautin ya fashe, kalmomin su ƙara dagulewa. An cutar da kunne, saƙon kuma ba a ji shi da kyau ba.

Abin da ke hana a ji murya a wurin hayaniya shi ne ƙarar waje da ke kutsowa ta gefen iyafis. Duk lokacin da robar bakinsa ba ta zauna daidai a kunne ba, ƙugin titi zai shiga ya yi gasa da muryar, mai shi kuma ya yi ta ɗaga sauti don ya rinjaye shi. Yawancin iyafis masu roba suna zuwa da robobi girma uku a cikin kwali, amma mutane kan yar da biyun ba tare da sun gwada ba. Canza roba zuwa wadda ta dace da kunnenka yakan sa ka rage sauti da kanka. Haka ragar bakin iyafis takan toshe da dattin kunne da ƙura, musamman lokacin hunturu, sai sautin ya dusashe a hankali mai shi bai lura ba. Busasshen burushi mai laushi ya isa ya share ta. Wanda ke da halin sayen mai danne ƙarar waje, wannan ya fi masa alheri a kan ƙure sauti. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na iyakar ƙarfin na'urar, kuma a riƙa ba kunne hutu.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu mu Hausawa wadda ba ka taɓo ba. Siri ba ta jin Hausa. Idan saƙo ya shigo da Hausa, muryar Turanci ce za ta yi ta kokawa da shi, ba ta san karin sautinmu ba, ba ta san inda ake jan wasali ba, ba ta san baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba. Mai sauraro sai ya ɗauka rashin ƙarfi ne ya hana shi ganewa, ya ɗaga, ya sake ɗagawa. Ko ya kai ƙarshe ba zai gane ba, domin furucin ne ya lalace tun daga tushe. A irin wannan hali abin da ya fi shi ne mutum ya taƙaita karatun ga saƙonnin da muryar ke iya furtawa, kamar alat na banki da saƙonnin aiki da ke zuwa da Turanci, na Hausa kuma ya wadatu da jin sunan wanda ya aiko, ya duba idan ya samu sarari.

Sai shawararka ta cewa wanda abin ya dama ya kashe ya karanta da idonsa kamar kowa. Malam, ba kowa ke da idon ba. Makafi da masu raunin gani da kunne suke amfani da waya. Tun 2009 VoiceOver ya zo a iPhone, TalkBack kuma a Android, kuma da su ne makaho ke karanta saƙonsa ba tare da ya miƙa wa wani wayarsa ya ga sirrinsa ba. A gare shi matakin wannan murya shi ne bambanci tsakanin dogaro da kai da roƙon a taimaka masa. Su kansu masu ƙera Android sun gane haka, shi ya sa a 2017 suka ware wa muryar masu buƙata ta musamman matakinta daban da na waƙa. Bayan su akwai dattijon da ƙananan rubutu suka fara yi masa wuya, da matar da hannunta ke cikin ƙulli, da mai shagon da ke son jin shigowar alat kafin ya miƙa kaya alhali yana auna wa wani shinkafa. Cewa su kashe abin daidai yake da cewa su haƙura da amfanin da suka sayi na'urar dominsa.

Wuri ɗaya ne zan ce a kashe ba tare da jayayya ba, shi ne a kan titi. Amfani da waya ana tuƙi laifi ne a dokar hanya ta Nijeriya, Faransa kuwa tun 2015 ta haramta wa direba da mai babur da mai keke sa abin sauraro a kunne. Mai A Daidaita Sahu da ya toshe kunne biyu ya ƙure sauti don ya ji saƙo a cikin hayaniyar titi, ba zai ji hon ɗin tirelar da ke bayansa ba, kuma ba ransa kaɗai ya ɗauko ba. Shawarar ƙurewa a nan tana iya zama sanadin asarar rayuka.

Ban wanke kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori ba. Abin da ya kamata ya kasance a fili, wato wurin daidaita muryar saƙo ita kaɗai, sun bar shi sai mutum ya yi bincike ko ya dace da wanda ya sani. Kukan masu amfani yana kan hanya, kuma maimakon a yi musu dariya kamata ya yi a taya su neman a gyara. Kafin nan, akwai aikin da ke kanmu. Ina kira ga masu sayar da waya da iyafis, daga kasuwar Farm Centre ta Kano har zuwa ƙananan shagunan unguwa, da su ɗauki minti biyu su nuna wa mai saye yadda zai gwada robobin, yadda zai daidaita muryar karatu, da inda zai kafa iyakar sauti. Iyaye kuma su duba wayoyin yaransu: idan kana tsaye kusa da yaro kana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinsa, ko sai ka ɗaga murya kafin ya san kana magana, sautin ya yi yawa.

Malam marubuci, ina roƙonka ka sake duba wannan shawara ka janye ta a filin da ka bayar da ita, domin masu karanta ka suna da yawa kuma sun yarda da kai. Kai kuma mai karatu, yau ɗin nan ka sauke sautin waƙarka ƙasa da kashi 60, ka daidaita muryar saƙo ita kaɗai, ka bar gargaɗin wayarka a kunne. Idan kunnenka na yi maka ƙugi ko shuu bayan ka cire iyafis, ko ka lura kana yawan cewa a maimaita maka magana, kada ka jira. Ka je sashen kunne na asibitin da ke kusa da kai, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna jinka tun da sauran abin da za a ceto. Saƙon da ya wuce ka yana nan cikin waya yana jiranka, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.